Wa ya raba mu da Maraɗi da Magarya, kuma wa ke ɗauke da alhakin?

Malamin_Tarihi_Daura
Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Wata tambaya ce ta tsaya mini a rai tun ranar Talata, na ga ya dace in kawo ta gabanku, tunda a cikinku akwai waɗanda suka girme ni a shekaru da kuma karatu. Ina koyar da tarihi a wata sakandare a nan Daura. Muna cikin darasi kan zuwan Turawa sai wani yaro, wanda mahaifiyarsa 'yar Magarya ce, ya ɗaga hannu ya ce: "Malam, wa ya raba mu da dangin innata?" Ban yi wata-wata ba na ce masa Ingila da Faransa ne, ya rubuta a littafinsa, muka wuce.

Bayan la'asar na ba wani dattijo labarin a majalisar da muke zama, sai ya yi murmushi ya ce rabin amsa na ba yaron, domin Bature ƙadangare ne kawai, bango ya tarar a tsage. Tun daga lokacin nake juya maganar. Idan yaƙi ya raba ƙasa, rabuwar ta yi tsawon rai har jikoki suka gaje ta, a wuyan wa alhakin yake? A wuyan wanda ya fara zare takobi ne, ko na baƙon da ya zo ya ja layi, ko kuwa namu da muka karɓi layin muna gadinsa shekara sittin da ɗoriya bayan baƙon ya naɗe tabarmarsa? Ina roƙon a yi magana da hujja, kada a zagi kakan kowa.

Ɗan_Kongolam
Wa alaikumus salam, Malam. Amsar da ka ba yaron ita ce gaskiya, kada dattijon nan ya sa ka kokwanto. A gonar gadonmu da ke arewa da Mai'aduwa akwai turken iyaka, kuma kunya guda ta gero tana farawa a Najeriya ta ƙare a Nijar. Idan kawuna ya ajiye gorar ruwansa a gindin gawon da ke kan gonar, to ya ajiye ta a wata ƙasa ke nan. Wanda ya kafa turken nan bai tambayi mai gona ba, kuma ba Bahaushe ba ne.

Dattijon_Rafindaɗi
Ɗana Ɗan Kongolam, turken da ke gonarku gaskiya ne, amma ka tambayi kanka dalilin da ya sa aka kafa shi a nan, ba a kafa shi a Kazaure ko a Tanut ba. Dattijon majalisar Malam ya san abin da yake faɗa.

Jihadi ya fara a 1804, kuma wajen 1807 Birnin Katsina ya faɗa hannun masu tuta, Malam Ummarun Dallaje ya zama sarki. Gidan sarautar da aka tarar ya yi arewa. Ana ba da labarin cewa a Ɗankama Magajin Halidu ya gamu da ajalinsa, daga baya kuma Ɗan Kasawa ya kafa zama a Maraɗi, Gobirawa su ma suka zauna kusa da su a Tsibiri. Daga nan har ƙarshen ƙarnin babu zaman lafiya mai ɗorewa tsakanin Katsinar kudu da ta arewa. A Gawakuke, cikin 1836, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ci su da yaƙi, aka kashe Sarkin Gobir Ali da Rauda na Maraɗi, amma hakan bai kashe wutar ba, domin a zamanin Ɗan Baskore mahayan Maraɗi sun riƙa kai hari har cikin ƙasar Katsina da gaba da ita. Tsakanin ɓangarorin biyu sai da daji ya tashi, saboda babu mai yarda ya yi shuka inda ba shi da tabbacin zai girbe.

Yanzu ka duba abin da Turawa suka yi. Mutane suna yawan cewa a taron Balin na 1884 zuwa 1885 aka yanka mu, alhali ba a ja layinmu a can ba. A 1890 ne Ingila da Faransa suka amince da layi daga Sayi a bakin Kwara zuwa Barruwa a bakin Tafkin Chadi, da sharaɗin cewa duk abin da yake mallakin Sakkwato ne zai faɗa ɓangaren Ingila. A 1898 suka zana da'ira mai nisan mil 100 daga birnin Sakkwato. Da Faransawa suka ga hanyar da aka bar musu daga Kwara zuwa Damagaram babu rijiyoyi a kanta, suka koma teburi, aka sake gyara a 1904 da 1906, sannan aka bi ƙasa ana kafa turaku daga 1906 zuwa 1908. To me ya jefa Maraɗi hannun Faransa? Babban dalili shi ne ba ta taɓa yi wa Sakkwato mubaya'a ba. Bature ya bi sawun da dawakinmu suka bari ne, ya zuba masa siminti.

Bakatsinen_Maraɗi
Baba na Rafindaɗi, Allah ya ƙara girma, ka faɗi tarihi yadda yake, sai dai akwai abin da zan ƙara daga wannan tsallaken. Idan aka ji yadda wasu mutanen Birni ke ba da labarin, sai a ɗauka mu ne muka ɓalle muka zama 'yan hari. Mu kuwa abin da kakanninmu suka gaya mana shi ne korar su aka yi daga gidan ubansu, kuma hare-haren da kake ambato yunƙurin komawa gida ne. Har gobe sarkinmu Sarkin Katsina ake kiransa, ba mu taɓa sauke sunan ba. Na lura da wani abu a irin wannan gardama: kowa yana fara ƙirga ne daga ranar da aka cuce shi. Mutumin Birni zai fara daga ranar da aka ƙone garin kakansa, ni kuwa zan fara daga 1807.

Almajirin_Gobarau
Ɗan uwa na Maraɗi, idan ƙirga za a yi, to ni ma ina da tawa ranar, kuma ta riga 1807. Shehu Usmanu bai fita neman ƙasar kowa ba. Mayaƙan Gobir ne suka afka wa jama'ar Abdussalami a Gimbana, Sarkin Gobir Yunfa ya matsa wa Shehu har ya yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a farkon 1804, sannan aka gwabza a Tabkin Kwatto. Wanda aka kora ya kare kansa ba a ce shi ya tayar da yaƙi. Duk da haka ba zan ɓoye ba, tun a wancan zamani an yi wannan muhawarar da muke yi, domin Shehu Muhammadu al-Kanemi na Borno ya yi musayar wasiƙu da Muhammadu Bello yana tambayar hujjar yaƙar ƙasar da mutanenta ke salla. Manyan malamai ne duka biyun, kuma kowanne ya tsaya a kan hujjarsa.

Bakatsinen_Maraɗi
Allah ya gafarta Malam, ai ka tabbatar da maganata ne. Ka ja ranar baya da shekara uku, laifin ya tashi daga wuyan wani ya koma wuyan wani. Kuma Yunfa Sarkin Gobir ne, ba Sarkin Katsina ba.

Lauya_Ƙofar_Ƙaura
Da izinin Baba na Rafindaɗi, ina ganin an haɗa tambayoyi biyu a buhu ɗaya. Wanda ya jawo rabuwa daban, wanda ya ɗaure ta da doka daban. Na biyun ba Shehu ba ne, ba Yunfa ba ne, ba ma Gwamna Lugga na Ingila ba ne. Shugabanninmu ne na bayan 'yancin kai. A taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka da aka yi a Alƙahira cikin 1964 aka zartar cewa kowace ƙasa za ta mutunta iyakar da ta gada ranar samun 'yanci. Maroko da Somaliya ne suka ƙi amincewa. Ni kuma ban ga laifin waɗanda suka zartar ba, domin Somaliya da ta nace sai ta haɗa kan Somalawa duka ta shiga yaƙin Ogaden da Habasha a 1977, ta sha kashi a 1978, kuma kowa ya ga inda ƙasar ta ƙare.

Amma dokar tana da ɗaci, kuma mu ma mun ɗanɗana. Kamaru ta kai mu Kotun Duniya a 1994 kan Bakasi. Najeriya ta kafa hujja da cewa mazauna wurin 'yan Najeriya ne, cewa ita ke gudanar da mulkinsu, kuma sarakunan Tsohuwar Kalaba kariya kawai suka nema daga Ingila a 1884, ba su sallama mata ƙasarsu ba. Kamaru ta fito da yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 1913 da kuma sanarwar Marwa ta 1975 da Janar Gowon da Ahidjo suka sa wa hannu. Ranar 10 ga Oktoba 2002 kotu ta fifita takarda a kan mazauna. Obasanjo ya sa hannu a yarjejeniyar Greentree a 2006, aka kammala miƙa yankin ranar 14 ga Agusta 2008, lokacin ɗan Katsina, marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa, yana kan mulki. Kada kuma a ɗauka abin ya tsaya a kudu, domin hukuncin ya haɗa da Darak da ƙauyukan bakin Tafkin Chadi, inda masunta Hausawa da yawa suka wayi gari a cikin Kamaru. Masuncin nan wa zai kama da laifi? Bajamushen 1913 ya daɗe da zama ƙasa.

Hajiyar_Jibiya
Ni ba ni da zurfin karatunku, amma ina da abin da idona ya gani. 'Yata tana aure a Maraɗi, kuma ta haihu cikin watan Agustan 2023, makonni kaɗan bayan sojoji sun hamɓarar da Shugaba Bazoum na Nijar ranar 26 ga Yuli aka rufe iyaka. Haihuwar fari ce, ya kamata a ce a gabana take wankan jego. Tafiyar da a da nake karya kumallo a gida in yi azahar a ɗakinta ta Magama da Ɗan Isa, sai ga ni a bayan babur cikin rairayi da damina, da ƙullin yaji da kanwa da kayan jariri a cinyata. A hanya mun tarar da igiya a wuri huɗu, kowace igiya da mai ita, kowane kuma sai an ba shi abin goro kafin ya sassauta. Sau biyu na sauka na taka da ƙafa saboda babur ya kafe. Da na isa na tarar garin babu wuta, domin an yanke layin da ke kai musu daga Najeriya, jaririya tana ta kuka saboda zafi, muna yi mata fifita da maficin kaba har asuba.

Abin da nake so Lauya da Baba su gaya mini shi ne, a wannan daren wane Bature ne ya yanke wutar? Wane mai tuta ne ya ɗaura igiyar? Waɗanda suka yi wannan duka suna raye, suna jin Hausa ko suna da mai fassara musu.

Ɗan_Kongolam
Hajiya, Allah ya raya jika. Maganarki ta taɓa ni, domin mu ma mun ga haka, kuma ba a 2023 muka fara gani ba. Daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 ma a rufe iyakar take, har aka hana sayar da mai a duk gidan man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, mutanen garinmu suna zuwa Daura neman abin da za su zuba wa injin ban ruwa. Amma har yanzu ina kan bakana: da ba a ja layin ba, da babu abin da za a rufe.

Injiniya_Batagarawa
Salamu alaikum. Bari in kawo misali daga inda na yi shekara huɗu ina karatu, wato arewacin tsibirin Saifurus, wanda Larabawa ke kira Ƙubrus, domin abin da ɗan uwanmu na Maraɗi ya faɗa game da ranar fara ƙirga a can na gan shi tsirara.

Tsibirin ya sami 'yanci daga Ingila a 1960, da Girkawa masu rinjaye da Turkawa marasa rinjaye, aka ɗora wa Ingila da Girka da Turkiyya lamunin tsarin. A ƙarshen 1963 rikici ya ɓarke tsakanin al'ummun biyu, sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya suka shigo a 1964, kuma har yau ba su fita ba. Ranar 15 ga Yuli 1974 aka yi wa Shugaba Makarios juyin mulki da goyon bayan sojojin da ke mulkin Girka, da nufin haɗe tsibirin da Girka. Bayan kwana biyar Turkiyya ta sauke dakarunta, cikin Agusta ta faɗaɗa har ta riƙe fiye da kashi ɗaya bisa uku na tsibirin. Girkawan arewa suka gudu kudu, Turkawan kudu suka koma arewa. A 1983 arewa ta ayyana kanta ƙasa, amma Turkiyya kaɗai ta amince da ita.

Mai gidan da na yi haya a wurinsa tsoho ne, kuma idan ya fara labari daga 1963 yake farawa, lokacin da suka bar ƙauyensu cikin dare. Abin da ya faru a 1974 ceto yake kiransa. Girkawan da ke tsallakowa cin kasuwa tun da aka buɗe ƙofofi a 2003 kuwa mamaya suke kiransa, kuma da wuya ka ji sun ambaci 1963. Tsohon nan yana da mabuɗin gidansu na kudu a rataye a ƙusa kusa da kalanda, alhali gidan da yake ciki shi ma na wani Bagirke ne da ya gudu, wataƙila shi ma yana can da nasa mabuɗin. Ni da fasfona na Najeriya ban taɓa iya tsallakawa kudancin Nikosiya ba, saboda gwamnatin kudu tana ɗaukar filin jirgin da na sauka a matsayin haramtacciyar ƙofa. Ko wasiƙa za a aiko mini sai an rubuta adireshin kamar a cikin Turkiyya nake.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne ƙuri'ar raba gardama ta Afrilun 2004 kan shirin Kofi Annan na sake haɗe tsibirin. Kimanin kashi 65 cikin ɗari na Turkawa suka ce sun yarda, kimanin kashi 76 na Girkawa suka ce ba su yarda ba, kuma bayan mako guda kudu ta shiga Tarayyar Turai ita kaɗai. Wanda aka mamaye wa ƙasa shi ya ƙi sulhun, yana cewa sulhun ya halatta ƙwace. To Malam, a nan wa za ka gaya wa ɗalibinka?

Matashin_Ƙofar_Marusa
Yaya Injiniya, ka kawo misalin da ya goyi bayan Ɗan Kongolam ba tare da ka sani ba. Wa ya mulki Saifurus? Ingila. Wa ya raba Indiya da Pakistan a 1947, ya bar Kashmir a hannun sarki Hari Singh, wanda ba Musulmi ba, ya miƙa ƙasar da mafi yawan mutanenta Musulmi ne ga Indiya? Wa ya riƙe Falasɗinu har 1948? Duk inda ka ga irin wannan miki, ka duba da kyau za ka ga sawun mutum ɗaya.

Dattijon_Rafindaɗi
Jikana, sawun yana nan, ban musa ba. Amma Ingila ta bar Indiya tun 1947, an tsagaita wuta a Kashmir a farkon 1949 da alƙawarin za a tambayi mutanen yankin abin da suke so, kuma har yau ba a tambaye su ba. Yaƙin 1965 da na 1999, da soke matsayin yankin na musamman da Indiya ta yi a 2019, duk babu Bature a ciki. Idan mutum ya haƙa maka rami ya tafi, ka shekara saba'in kana zaune a ciki kana ƙara masa zurfi, akwai ranar da za a daina tambayar mahaƙin farko.

Tsohon_Soja_Dutsinma
Jikana ne yake rubuta mini, ni nake faɗa. Na ji ana ta zagaya duniya, ga namu a gida ba a taɓa ba. Na shiga soja a 1967 ina saurayi, na yi yaƙin basasa a runduna ta ɗaya, wadda ta bi ta Nsukka ta shiga Inugu. Lokacin da muka tafi babu wanda ya yi shakkar wa ya jawo. An kashe mana Sardauna da Tafawa Ɓalewa da Birgediya Maimalari ranar 15 ga Janairu 1966, Ironsi ya kawo dokar da ta rushe jihohi, sannan Ojukwu ya ɓalle ranar 30 ga Mayu 1967. Wannan shi ne karatun da muka tafi da shi.

A wani ƙauye bayan mun wuce Inugu muka tarar da yara a cikin wata makaranta, gashinsu ya yi ja, cikinsu ya kumbura, ƙafafu kamar sillen kara. Na miƙa wa ɗaya biskit ɗin da ke aljihuna, ya riƙe shi yana kallona, ba shi da ƙarfin kai shi baki. Akwai wata tsohuwa tare da su da ta yi mini magana da Hausa tsantsa, ta ce a Funtuwa ta yi shekara ashirin tana sayar da abinci kusa da tashar jirgi, kuma a 1966 ta baro da zanen da ke jikinta kawai. Ba ta zage ni ba. Ta tambaye ni ko har yanzu ana cin kasuwar Bakori. Tun daga ranar na san su ma suna da nasu karatun, kuma nasu daga kisan da aka yi wa mutanensu a Arewa yake farawa. Ban ce mun yi kuskure da muka hana ƙasa rabewa ba, har gobe ina ganin daidai ne. Amma wanda bai ga yaran nan ba ya rage ɗaga murya idan ana maganar yaƙi.

Matashin_Ƙofar_Marusa
Baba, Allah ya ƙara lafiya, ba na jayayya da abin da idonka ya gani. Amma ai kisan Janairun 1966 ya riga kisan da aka yi wa mutanensu a Mayu da Satumba. Da ba a taɓa Sardauna ba, da tsohuwar nan tana Funtuwa.

Malama_Unguwar_Alƙali
Ƙanena na Ƙofar Marusa, tsohuwar ba ta cikin hafsoshin da suka yi juyin mulki, kuma addininmu bai yarda a kama wani da laifin wani ba. Ka kuma tuna cewa a tsakiyar 1966 kalmar da ke bakin mutanen Arewa ita ce "a raba", wato mu ne muka fara neman ficewa kafin daga baya mu zama masu yaƙin hana ficewa. An zauna a Aburi ta ƙasar Gana a Janairun 1967, har da Hassan Usman Katsina a matsayin gwamnan Arewa, aka dawo kowane ɓangare yana fassara abin da aka amince da shi yadda ya ga dama. Yaƙin ya ƙare a Janairun 1970, Gowon ya ce babu wanda ya yi nasara kuma babu wanda aka ci, amma fam ashirin kacal da aka ba mutanen Gabas masu ajiya a banki, da kisan da aka yi a Asaba a Oktoban 1967, har yau suna bakin jikokinsu. Ƙasa ta haɗu a taswira, wannan ba a musu.

Bakatsinen_Maraɗi
Ina so in koma kan tambayar Hajiya, domin ba a amsa mata ba. Mu a nan abin da ya fi yi mana ciwo a 2023 shi ne wa'adin kwana bakwai da CEDEAO, wato ƙungiyar ECOWAS, ta ba masu juyin mulki ranar 30 ga Yuli tare da barazanar kawo sojoji. Ko mutumin da bai son masu juyin mulki ya ji an taɓa masa diyaucin ƙasa, shi ya sa kuka ji ana ta cewa zancen ƙasa ne. Wa ya ba wata ƙasa ikon zaɓa mana wanda zai mulke mu? Sojojin Faransa sun fita a Disambar 2023, kuma da yawa daga cikinmu a ranar suka ji kamar an sake ba mu 'yanci.

Lauya_Ƙofar_Ƙaura
Ɗan uwa, wanda ya ba da ikon ita ce Nijar da kanta, domin tana cikin ƙasashen da suka amince da ƙa'idar ECOWAS ta 2001 wadda ta haramta karɓar mulki ba ta hanyar zaɓe ba, kuma da irin wannan hujja aka tura sojoji Gambiya a 2017. Diyaucin da kake magana na wa ne, na mutanen da suka kaɗa ƙuri'a ko na wanda ya tsare zaɓaɓɓen a fadarsa? Wannan ita ce amsar doka. Amma Hajiya ba doka ta tambaya ba, kuma a gaskiya takunkumin bai mayar da Bazoum kan kujera ba, an janye shi a Fabrairun 2024, Nijar da Mali da Burkina Faso kuma suka kammala ficewa daga ƙungiyar a Janairun 2025. Abin da zan yaba shi ne yadda Majalisar Dattawanmu ta ƙi goyon bayan amfani da ƙarfi, da yadda malamai da sarakuna suka yi ta zirga-zirga zuwa Yamai. Da an harba harsashi ɗaya, da Jibiya da Ɗan Isa ne fagen fama, kuma da yanzu muna da sabuwar ranar da jikokinmu za su fara ƙirga daga gare ta.

Ga masu ganin rabuwa ko sake zana iyaka ita ce magani kuma, a dubi Sudan ta Kudu. Kusan kowa ya zaɓi ɓallewa a 2011, kafin ƙarshen 2013 sun kama yaƙi a tsakaninsu, yankin Abyei kuma har yanzu ba a san na wa ba ne.

Malamin_Tarihi_Daura
Na gode wa kowa, musamman Baba na Dutsinma da ya daure ya buɗe abin da ke ransa. Bayanin Baba na Rafindaɗi ya sa na koma na duba namu na Daura, sai na ga abin ya fi yadda na zata sarƙewa. Bayan Malam Isiyaku, mai tutar jihadi, ya karɓi birnin, sarkin Daura na lokacin, Sarkin Gwari Abdu, ya fita, zuriyar gidan ta rabu, aka sami masu sarauta a Zango da Ɓaure ban da na cikin birni, kuma na wajen suka daɗe a ƙarƙashin inuwar Damagaram. Turawan Ingila ne suka ɗauko Malam Musa daga Zango suka mayar da tsohon gidan kan gadon Daura. Ke nan hannun da ya yanke mana Magarya shi ne kuma ya ɗinke wata ɓarakar da muka yi da kanmu. Ban san yadda zan shigar da wannan cikin darasin minti arba'in ba, kuma amsar da jarrabawa ke nema ita ce wadda na riga na ba yaron.

Almajirin_Gobarau
Malam, kalmar ɗinkewa tana buƙatar gyara. Zuriyar Malam Isiyaku da aka sauke ba za su kira abin ɗinki ba.

Hajiyar_Jibiya
Lauya ya yi ƙoƙari, amma har yanzu ban ji sunan wanda zan kai ƙara ba. Jikar tawa dai tana nan tana gudu, kuma ubanta ya yi mata takardar haihuwa ta Nijar, ni kuma ina so a yi mata ta nan. An ce jirgin ƙasan da ake shimfiɗa wa hanya daga Kano zai bi ta Daura da Katsina da garinmu ya ƙare a Maraɗi. Ina fatan idan manya suka sake saɓawa ba za su ɗaura masa igiya ba.

Ɗan_Kongolam
Baba na Rafindaɗi, na karanta bayaninka sau biyu, na kuma yarda cewa dawaki sun riga siminti. Sai dai a zamanin dawaki, idan aka yi sulhu fatake suna wucewa ba tare da an tambaye su takarda ba, daji kuma yana komawa gona. Turken Bature ne bai san sulhu ba. Malam, idan shugaban makarantarku zai yarda, ka kawo yaran ranar Lahadi, ranar kasuwar Mai'aduwa, in kai ku gonar su ga turken da idonsu, yaron nan ɗan Magarya ya tsaya ƙafa ɗaya a nan ɗaya a can. Amma ku zo kafin ruwa ya sauka, domin da zarar an yi shuka kawuna ba ya yarda kowa ya taka masa kunya.